Tafiya Mabuɗin Ilimi: Baro, garin da aka baro a baya

 Da fatan an koma aji lafiya, kuma wanda sakamakonsa na zangon da ya wuce bai yi daɗi ba ya ɗaura ɗamara tun yanzu. Kamar yadda muka alkawarta kafin hutu, yau za mu ba ku labarin tafiyar da muka yi tare da ɗalibai goma sha biyu da malamansu biyu zuwa Baro, wani ɗan gari a bakin kogin Kwara, cikin ƙaramar hukumar Agaie ta Jihar Neja.

Ranar da muka fara ambatar sunan garin, dariya ɗaliban suka yi. Wani ya ce shi baron da ya sani shi ne na dakon kaya a kasuwar Kawo. Wata kuma ta ce ai daga jin sunan ka san an baro shi a baya. Wasa take yi, amma da muka je muka gani, sai muka tarar maganarta ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Asalin tafiyar daga Ƙofar Gamji ne. Waɗanda ke Malali, Unguwar Rimi, Kabala da Unguwar Sarki sun san 'yar gadar ƙarfen nan da ake kira Gadar Lugga. A Zungeru aka fara kafa ta a 1904, lokacin can ne hedikwatar Arewa, sai daga baya aka kwance ta aka kawo Kaduna. Wata Asabar muna tsaye kusa da ita muna kallon kogi, sai wata ɗaliba 'yar aji biyar ta ce, "Malam, wai shi ruwan nan ina yake zuwa?" Da muka koma makaranta muka buɗe taswira muka bi shi da yatsa. Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratsa garinmu, ya shiga tafkin Shiroro, ya wuce Zungeru da Wushishi, ya je ya zuba a Kwara kusa da Muregi, daura da Pategi. Tsawonsa kimanin kilomita 550 ne. Daga nan ruwan ya gangara ya wuce ta gaban Baro. Ashe ruwan da muke kallo a Gamji yana zuwa garin da mu ba mu taɓa zuwa ba. Sai muka ce bari mu bi sawunsa.

Hanya da ruwan Gurara

Bayan sallar asuba muka tashi, muka bi titin Abuja har mahaɗar Dikko, muka karkata hanyar Minna. Zangonmu na farko shi ne magangarar ruwa ta Gurara, wadda ba ta da nisa da Lambata. Tun kafin ka ga ruwan za ka ji rugugi kamar hadari na tasowa. Ruwan yana faɗowa daga kan duwatsu, tsayin kusan mita 30, kuma da damina faɗinsa kan kai mita 200. Mu da muka je cikin hunturu mun same shi ya ja baya, ya rarrabu gida-gida a kan baƙin dutse, amma duk da haka raɓarsa na jiƙa mutum daga nesa.

Malamin labarin ƙasa bai bar mu mun tsaya ɗaukar hoto kawai ba. Ya nuna mana wasu ramuka masu santsi a jikin dutsen, kamar turmi, ya ce tsakuwa ce ruwa ke juyawa a wuri ɗaya shekara da shekaru har ta ƙwaƙule dutse. Ya kuma bayyana yadda magangara ke samuwa: inda kogi ya bi ta kan dutse mai tauri sannan ya iske mai taushi, sai ya cinye mai taushin ya bar mai taurin a tsaye, ruwa ya riƙa faɗowa. Abin da ke shafi biyu a littafi, a minti biyar aka gane shi. Gani ya kori ji.

Wani abin da ya ba ɗaliban mamaki shi ne jin cewa Gurara ɗan gida ne. Daga Jihar Kaduna yake tasowa, kuma a cikin jiharmu aka gina madatsar da ake tura ruwanta zuwa Abuja. Shi ma Kwara yake zuwa, yana zuba a ƙasa da Baro, kafin a kai Lokoja. Malamar da ke tare da mu ta gindaya doka tun a mota, cewa ba wanda zai taka jiƙaƙƙen dutse kuma ba wanda zai shiga ruwa. Wurin yana da santsi, ƙarƙashinsa akwai zurfi, kuma ruwan da kake gani shiru a sama yana iya zama yana gudu a ƙasa.

Daga Lambata muka saki titin Minna, muka bi ta Lapai zuwa Agaie, inda muka kwana. Washegari muka kama hanyar Katcha zuwa Baro. Tafiyar ba ta fi kilomita 50 da 'yan kai ba, amma ta ci mana sa'o'i. A lokacin da muka bi ta, wani wuri kwalta, wani wuri jar ƙasa da ƙura, wani wuri sai an sauka an rage wa mota nauyi. Ku riƙe maganar hanyar nan, domin ita ce ginshiƙin duk abin da za mu faɗa.

Abin da ake hangowa daga kan tsauni

Abin da ya fara tarbar mu a Baro shi ne shiru. Ba ƙarar hon, ba cunkoson Keke Napep irin na Kasuwar Barci. Sai kukan injin kwale-kwale jefi-jefi, da ƙamshin kifin da ake bandawa. Mutanen garin Nufawa ne, manoma da masunta, amma da yawa suna jin Hausa. Muka fara kai gaisuwa wurin mai gari kamar yadda ya kamata baƙo ya yi, aka haɗa mu da wani dattijo da zai zagaya da mu.

Garin yana zaune ne tsakanin kogi da wani tsauni mai shimfiɗaɗɗen kai wanda Turawa suka sa wa suna Empire Hill. Hawan ya ɗauke mu kusan sa'a guda, da hutawa sau biyu. A sama akwai kufan gine-ginen zamanin Turawa, ciyawa ta rufe wasu. Turawan sun zaɓi can ne saboda iska da gudun sauro. Amma abin da ya biya mu wahalar hawa shi ne kallon ƙasa. Ga Kwara shimfiɗe kamar an zuba azurfa, ya rabu ya sake haɗewa, da tsibiran farin yashi a tsakiya. Ga fadamun shinkafa iya ganinka, ga giginya da kaɗanya da ɗorawa, ga balbelu da zalɓe suna bin gaɓa. Kwale-kwale daga can sama kamar ɓawon gyaɗa.

Nufawa suna kiran wannan kogi Ndaduma, kogin Kaduna kuma Lavun. Kwara shi ne na uku a tsawo a Afirka, bayan Nilu da Kwango, tsawonsa kusan kilomita 4,200. Daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya ratsa Mali ta Bamako da kusa da Timbuktu da Gao, ya wuce Yamai, ya shigo Najeriya ta Jihar Kebbi. Yana da wata ɗabi'a da za ta iya fito muku a jarrabawa: cika biyu yake yi a shekara. Ta farko daga ruwan daminarmu ce, mai laka. Ta biyu kuma ruwan da aka yi a Gini ne, wanda ke yin watanni yana ratsa fadamun Mali, sai ya iso mana da rani, ya tace ya yi duhu. Yanzu madatsun Kainji da Jebba, waɗanda ke sama da Baro, su ke tare ruwan suna sakinsa gwargwado.

Ita ma fadamar ba banza ba. Duk shekara ambaliya na shimfiɗa mata sabuwar laka mai taki, shi ya sa ƙasar Nufe ta yi suna wajen shinkafa. Cibiyar binciken hatsi ta ƙasa ma a Badeggi take, ba nisa da nan.

Yadda Baro ta tashi, da yadda ta kwanta

Da muka sauko, dattijon ya kai mu tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Ƙarafan dogo na nan, wasu ƙasa ta binne su, wasu awaki na kwance a kai. A nan ne labarin ya zo kan Kaduna.

A farkon mulkin Turawa, babbar matsalarsu ita ce yadda za su fitar da amfanin gonar Arewa zuwa teku. Babu mota, babu dogo, sai jaki da raƙumi da kan ɗan Adam. Amma ga kogi, wanda jiragen ruwa masu tururi ke hawowa daga bakin teku. Sai suka nemi wurin da za su haɗa jirgin ruwa da jirgin ƙasa. Yawancin gaɓar Kwara a wannan yanki taɓo ce da fadama, amma a Baro gaɓar tana da ƙarfi, jirgi na iya matsowa a yi lodi. Wannan ne ya sa aka zaɓi ɗan ƙauyen, mai nisan kimanin kilomita 650 daga teku.

Mutane da yawa suna danganta komai na Baro da Gwamna Lugga. Gaskiyar ita ce Lugga ya bar Arewa a 1906, bai dawo ba sai 1912. Wanda ya gaje shi, Percy Girouard, ɗan Kanada kuma injiniyan dogo, a zamaninsa aka fara aikin a 1907. Duk ƙarafan dogo da kawunan jirgi ta ruwa aka kawo su aka sauke a Baro. Haƙa da ɗaukar ƙasa kuwa kakanninmu ne suka yi, da yawansu ba da son ransu ba, domin ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa tara mutane aikin tilas. Layin ya bi ta Minna, ya tsallake kogin Kaduna, ya wuce Zariya, ya isa Kano a 1911. Tsawonsa ya haura kilomita 560. A 1912 aka buɗe shi ga jama'a.

Turawa auduga suka sa rai za su riƙa kwasa don masaƙun Ingila. Manoman Kano suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cinta. Cikin 'yan shekaru gyaɗa ta cika tashar Kano. Daga nan aka samu attajirai irin su Alhassan Ɗantata, da dalar gyaɗa da kuke gani a hotuna.

To ina Kaduna a ciki? Inda layin nan ya tsallake kogi, nan Turawa suka ga fili, ga ruwan sha, ga dogo. Suka kafa barikin soja, sannan a 1917 suka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru suka dawo nan. Wato garin da muke zaune a ciki, da Gidan Lugga da Gidan Arewa da makarantunku duka, a kan layin da ya taso daga Baro suka tsiro.

Amma ita Baro ba ta daɗe tana cin moriya ba. Rauninta shi ne kogi ba kullum yake cike ba. Da rani yashi kan fito, manyan jirage su kasa hawowa, kaya su yi ta jira. Ana cikin haka sai layin dogon da ya taso daga Legas ya bi ta Jebba da Zungeru ya haɗe da na Baro a Minna a 1912. Da farko a Jebba sai an ɗora taragai a kan jirgin fito an tsallake da su. Da aka gama gadar Jebba a 1916, sai ya zama buhun gyaɗar da aka ɗora a Kano ba ya sauka sai Legas. Wa zai so a sauke masa kaya a Baro, a sake lodawa a jirgin ruwa, a jira ruwa ya cika? Daga baya layin gabas da ya taso daga Fatakwal shi ma ya zo ya haɗe a Kaduna. Kaduna ta zama mahaɗa, Baro ta zama ƙarshen reshe. An ci gaba da fitar da gyaɗa da auduga ta nan zuwa Burutu da Warri na wasu shekaru, amma a hankali jirgin ƙasa ya daina zuwa, jiragen ruwan ma suka ɗauke ƙafa.

Ku lura, ba yaƙi ne ya ci Baro ba, ba annoba ba ce, ba kuma lalacin mutanenta ba ne. Hanya ce ta kauce mata.

Sabuwar tasha, tsohuwar matsala

A gefen gari akwai wata sabuwar tashar jiragen ruwa, da dogon dakalin siminti a bakin ruwa, da rumbun ajiya, da filin jera kwantena, da injin ɗaga kaya. A 2009, zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka ƙaddamar da aikin yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, tsawon kilomita 572. Sannan a watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo da kansa ya buɗe tashar, wadda ta ci kusan Naira biliyan 6. Ranar da muka je, ba mu ga jirgin kaya ko ɗaya ba.

Wani ɗalibi ya tambaya, "Malam, tunda an gina, me ya hana ta aiki?" Malamin ya mayar masa da tambayar, ya ce a ce yau jirgi ya sauke kwantena 50 a nan, ta ina za a kai su Kaduna? Yaron ya tuna hanyar da muka biyo da safe, ya tuna dogon da awaki ke kwance a kai, sai ya yi shiru. Tashar ruwa ƙafa uku gare ta kamar murhu: kogi mai zurfin da jirgi zai bi, titi ko dogon da zai kwashe kaya, da 'yan kasuwar da suka amince kayansu za su isa a kan lokaci. Kuma yashe kogi ba aikin sau ɗaya ba ne, domin kowace damina ruwa na dawo da sabon yashi.

Me ya shafe ku? Ku ɗauki biro. Tirela ɗaya tana ɗaukar buhun siminti 600, kowane buhu kilo 50, wato tan 30. A ce jirgin dakon kaya ɗaya ya ɗauki tan 900. Tirela nawa ke nan ya ɗauke daga kan titi? Talatin. Ku tuna jerin tirelolin da ke Mararrabar Jos da Tafa, da ramukan da suke haƙawa, da haɗurran da ake yi, da man da suke sha. Duk wannan kuɗi a kan farashin taki da siminti da shinkafar gidanku yake ƙarewa. A duniya, dakon kaya masu nauyi ta ruwa ya fi na mota araha. Shi ya sa garin Duisburg na Jamus, wanda ke can cikin ƙasa a bakin kogin Rhine, ya zama ɗaya daga cikin manyan tashoshin kaya na Turai. Ba kogi kaɗai ya ɗaga shi ba, dogo da titi ne suka same shi a bakin kogin.

A bakin fito

Hanya ɗaya ce ba ta mutu ba a Baro, ita ce ta kwale-kwale. Tun kafin Turawa, akwai wani reshe na Nufawa da ake kira Kede, waɗanda sana'arsu ke nan, sarkinsu mai sarautar Kuta yana zaune a Muregi. Har yau jiragen fito na katako, masu injin a baya, su ke kai mutane ƙauyukan ƙetare da kasuwanni. Mun ga an loda buhunan shinkafa, da doya, da jarkokin manja, da babur biyu, da tumaki, duk a jirgi ɗaya. A gefe masunta na gyaran koma da birgi, mata na jera tarwaɗa da ƙarfasa da giwan ruwa a kan wayar banda.

Shirinmu shi ne mu tsallaka zuwa wani tsibirin yashi mu dawo kafin la'asar. Mun zo da rigunan kariya takwas da muka aro, mu kuwa mun kai goma sha shida har da direba. Wani matashi mai jirgi ya ce mu shigo duka, ai ga wuri, alhali jirgin nasa ya riga ya ɗauki mutane da kaya har bakinsa ya kusa shafar ruwa. Ɗalibai suka fara cire takalma. Malamar ta ce ba wanda zai shiga. Wani ɗalibi ya ɓata rai, ya ce, "Haba Malama, ga yara ƙanana ma a ciki, sai mu ne matsorata?" Ta ce masa ita ta karɓo shi daga hannun mahaifiyarsa a Kawo, kuma hannunta za ta mayar da shi.

Wani tsohon mai fito da ke zaune yana jin mu ya taso. Muka gaishe shi, "Sannu Baba." Ya ce Malama ta yi daidai. Ya nuna mana wani layi a jikin jirginsa, ya ce in ruwa ya haura nan, ko ɗansa ne ba ya ƙara ɗauka. Ya ce abu uku ke kifar da jirgi a wannan kogi: lodi fiye da kima, tafiyar dare, da kututturen itacen da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Shi ya kai mu, sawu biyu, mutum takwas-takwas, kowa da rigarsa a ɗaure. Mun biya kuɗi ninki biyu, mun kuma rasa sa'a guda. Yaron nan bai yi wa kowa magana ba har muka isa tsibirin.

Ba tsoro ne ya sa Malama ta tsaya kai da fata ba. A watan Yunin 2023, jirgin da ya ɗauko 'yan biki daga Jihar Neja ya kife da dare a yankin Pategi, sama da mutum 100 suka rasu. A ƙarshen watan Nuwamban 2024 wani jirgin da ya ɗauko 'yan kasuwa daga Jihar Kogi zuwa kasuwar Katcha, garin da muka ratsa da safe, shi ma ya kife, aka yi asarar rayuka da dama, yawancinsu mata. Allah Ya jiƙansu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare da lodin wuce kima, ta kuma wajabta sa rigar kariya. Amma kafin ku zargi waɗanda ke shiga irin wannan jirgi, ku tuna mu muna da zaɓi, muna da kuɗin sawu biyu da lokacin jira. Matar da ke da kwandon kifin da zai lalace, ga kasuwa sau ɗaya a mako, ga shi babu titi babu gada, zaɓinta kaɗan ne. Maganar dai ta sake komawa kan hanya.

A kan tsibirin kuwa, yashi fari sol, mai laushi kamar gari, da sawun tsuntsaye a ko'ina. Muka yi sallar la'asar a can, Baro da tsauninta na gabanmu. Ɗalibar da ta yi tambaya a Gamji ta ɗebi ruwa a tafin hannu, ta ce wataƙila a ciki akwai wanda ya wuce ta bayan gidansu. A hanyar dawowa yaron da ya yi fushi shi ya riƙa duba layin nan na jikin jirgi.

In makarantarku za ta je

Muna ba da shawarar a je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da hanya ta bushe kuma zafi bai yi tsanani ba. A nemi izinin iyaye a rubuce. Malamai su binciki halin tsaro da na hanya kafin a tashi, kuma kada a yi tafiyar dare, a mota ko a ruwa. A tanadi kwana uku. A tafi da ruwan sha, da gidan sauro, da takalmin hawan dutse, da rigar kariya daidai da yawan masu tafiya, ba rabi ba kamar yadda mu muka yi kuskure. A fara da gaisuwa wurin shugabannin gari, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum, kada kuma a bar leda ko gora a bakin ruwa. A sayi kifi da shinkafa a hannun mutanen garin, kada a tsananta ciniki.

Wanda bai samu zuwa ba, ga aikin da zai yi daga nan Kaduna. Na farko, ka zana taswirar kogin Kaduna daga Jos zuwa Muregi, ka sa alamar Shiroro da Zungeru, sannan ka ja layin dogo daga Baro zuwa Kano. Na biyu, ka tambayi wani dattijo a unguwarku ko kakanka wace kasuwa ko tasha ce a Kaduna ta taɓa cika a da amma yanzu ta yi shiru, kuma me ya kauce mata. Na uku, ka rubuta mana shafi ɗaya: da kai ne aka ba wuƙa da nama, kuma kuɗin aiki ɗaya kawai gare ka, wanne za ka fara yi wa Baro, titi, dogo, ko yashe kogi? Ka kawo dalilinka. A cikin waɗanda ke karanta wannan fili akwai injiniyoyi da masu tsara birane na gobe, kuma wata rana tambayar za ta zo teburin ɗayanku da gaske. Za mu buga amsoshi uku da suka fi ma'ana, da sunan makarantunsu.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A yi karatu da kyau, a gaida malamai.